Ɗan riƙo ma yana buƙatar takardar kotu

Akwai wata tambaya da ba ta ƙarewa a filayen fatawa na rediyo. Mutum ya rasu, ya bar yarinyar da ya riƙe tun tana tsumman goyo, yanzu ta kusa gama sakandare, ba ta san wani uba ba sai shi. 'Yan uwansa sun taru rabon gado. Mai tambaya yana son ya ji ko tana da kaso. Malam ya ce ba ta da shi, kuma gaskiya ya faɗa. Daga nan sai a wuce tambaya ta gaba.

Wucewar nan ce ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ba mai tambayar inda yarinyar za ta kwana bayan an sayar da gidan, ko wanda zai biya kuɗin jarrabawarta, ko wanda zai ba da aurenta. Ba mai tambayar abin da ya hana marigayin ya yi mata tanadin da shari'a ta ba shi dama tun yana da rai.

Matsayina a kan wannan shi ne: riƙo yana buƙatar takarda. Ya kamata kowace jiha a Arewa ta ware masa babi na kansa a dokar kare yara, alƙali ya ba da oda, a shigar da ita rajista, makaranta da asibiti da ofishin fasfo su karɓe ta ba gardama. Wannan bai taɓa nasaba ba, bai taɓa gado ba. Kuma kafin majalisu su motsa, akwai abubuwan da mariƙi zai iya yi da kansa a cikin mako guda.

Inda doka ta tsaya

Dokar 'Yancin Yara ta tarayya ta fito a 2003, zamanin Obasanjo. Da yake sha'anin yara yana hannun jihohi, a Abuja kaɗai ta fara aiki kai tsaye, sauran jihohi sai kowace ta yi tata. An kai ruwa rana kafin Arewa ta karɓa. Kaduna ta yi tata a 2018, Sakkwato da Jigawa a 2021, Ganduje ya sa hannu a ta Kano a watan Mayun 2023 ana gab da miƙa mulki, Bauchi ta biyo baya a ƙarshen shekarar. Da yawansu ma sun sauya mata suna zuwa dokar kare yara.

A tsawon shekaru ashirin ɗin nan, kusan duk hayaniyar a kan shekarun aure ta ƙare. Maganar yaron da ke hannun wanda bai haife shi ba ba ta samu ko rabin wannan kulawa ba, alhali da wuya ka ƙirga gida biyar a layinku ba ka samu ɗan riƙo ba.

Dokar ta 2003 tana da ƙofofi biyu. Ta farko ita ce tabanni cikakke, wato mayar da ɗan wani naka a suna da gado. Mai nema sai ya kai shekara 25, ya girmi yaron da shekara 21, ya zama ɗan Nijeriya, ya yi shekara biyar a jihar da ya shigar da buƙata. Wanda ba shi da aure sai ya kai 35, kuma jinsinsa kaɗai za a ba shi. Sai ya sanar da jami'in jin daɗin jama'a wata goma sha biyu kafin a ba da oda, yaron kuma ya yi wata uku a jere a hannunsa. Da zarar kotu ta amince, haƙƙin iyayen asali ya yanke, yaron zai gaji wanda ya ɗauke shi kamar ɗan cikinsa. A nan Musulmi ke tsayawa, domin wannan shi ne abin da Suratul Ahzab ta hana.

Ƙofa ta biyu ita ce ta reno da izinin kotu, wadda ba ta yanke nasaba. Ta fi kusa da riƙonmu, amma an ɗinka ta ne da awon wasu mutane. Ta yi maganar yaron da aka yar, ko marayan da dangi suka guje shi, ko wanda ake gallaza wa. Ta ƙayyade yara uku ga mutum ɗaya sai da dalili na musamman. Ta kuma riƙe sharaɗin ratar shekara 21.

Ɗauki wannan sharaɗi ka gwada shi a gidan Bahaushe. Uba ya rasu, babban wa mai shekara 30 ya kwashi ƙannensa huɗu, babbarsu tana da 14, autan yana da 10. Adadin ya wuce uku, ratar ba ta kai 21 ba ko ga autan. Ga riƙo mafi tsafta da za ka samu, amma bai shiga ma'aunin ba. Duk jihar da ta kwafe wannan babi yadda yake ta bar mafi yawan mariƙanta a waje.

"Ai Musulunci ya hana"

Wannan ce amsar da ake rufe bakin kowa da ita. Abin da aka hana a fili yake. Zaidu ɗan Harisa ana kiransa Zaidu ɗan Muhammadu har aya ta sauka ta ce a kira su da sunan ubanninsu, in ba a san ubannin ba to 'yan uwa ne a addini. An hana sauya nasaba da abin da ke bin ta na gado da muharramaka.

Ɗaukar nauyin yaron kuwa, Annabi (SAW) ya haɗa yatsunsa biyu ya ce haka shi da mai kula da maraya za su kasance a Aljanna. A mazhabarmu ta Malikiyya, ɗaukar jaririn da aka yar farilla ce a kan al'umma, in wani ya yi ta sauka a kan saura, in ba wanda ya yi kowa ya yi laifi. Ko a babin aure, Mukhtasar na Khalil ya jera wanda ya reni yarinya cikin waliyyai, bayan danginta na wajen uba, kafin a kai ga alƙali. Ashe fiƙihun da muke karantawa a zaure ya san mariƙi, ya ba shi matsayi.

Maganar rubutu ma ba baƙuwa ba ce. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta ce in za ku miƙa wa marayu dukiyarsu ku kafa shaidu. Ta yaya za a kafa shaida a kan miƙa abin da ba a ƙirga ba ranar da aka karɓa?

Ƙasashen da suke Malikawa irinmu sun daɗe da warware wannan. Dokar iyali ta Aljeriya ta 1984 ta haramta tabanni a sashe ɗaya, ta kuma tsara kafala, wato riƙo ba tare da sauya nasaba ba, a wasu sassan, har ta ce mariƙi zai iya yi wa yaron kyauta ko wasiyya zuwa sulusi. Maroko ta yi doka ta musamman a 2002: alƙali ne ke tabbatar da cewa an yar da yaro bayan an yi cigiya, shi ke ba da shi, shi ke bibiya, kuma ba a fita da yaron zama wata ƙasa sai da izininsa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan yara ta 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ta ambaci kafala da sunanta a sashe na 20. Masu cewa duk maganar takarda shirin Turawa ne su duba Rabat da Aljiyas tukuna.

Tsarin mulkinmu ma ya bar hanya a buɗe. Sashe na 277 ya lissafa abin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ke da hurumi a kai tsakanin Musulmi, a ciki har da tsintacce da waliccin ƙaramin yaro. Majalisar jiha ba ta buƙatar izinin kowa kafin ta ce kotun shari'a ta yanki ita ke ba da odar riƙo.

Kiristocin Arewa kuma, daga Kudancin Kaduna zuwa Filato da Adamawa, har da Hausawa Kirista, addininsu bai hana su tabanni ba. Jihar da ta goge babin baki ɗaya don Musulmi ba sa so ta tauye musu haƙƙi, ta tura su neman yaro ta bayan fage. A bar ƙofofin biyu, kowa ya shiga tasa. Sharaɗi ɗaya da ba za a yi wasa da shi ba shi ne addinin yaron da aka san asalinsa.

"Takarda tsakanin 'yan uwa rashin yarda ne"

Wannan ita ce hujjar da ta fi nauyi, kuma tana da gaskiya a ciki. Riƙo a wurinmu zumunci ne. An kai yaro yaye gidan kaka ya zauna. An ba goggo da ba ta haihu ba 'yar ƙaninta ta ɗebe mata kewa. Ɗan fari ya tashi a hannun kakanni saboda alkunya. Ka ce wa yayarka ta biyo ka kotu kafin ta ba ka ɗanta, za ta ji kamar ka zage ta.

Shi ya sa ban yarda a tilasta wa kowa ba. Dokar da za ta ce duk wanda ya riƙe ɗan ɗan'uwansa ba rajista a ci shi tara, ranar da aka sa mata hannu ta mutu, in ma ta yi rai to hanyar karɓar na goro ce kawai ta buɗe. Riƙon dangi, iyaye suna raye suna zuwa suna dawowa, a bar rajistarsa ganin dama, a sauƙaƙa ta. Wajibci ya tsaya a wuri uku: yaron da ba a san iyayensa ba, marayan da ya gaji dukiya, da yaron da za a ba wanda ba danginsa ba ko a kai shi wata jiha.

Amma ko a riƙon dangi, a duba inda abin ke lalacewa. Mutum biyun da suka yi alkawarin da wuya su saɓa. Rikicin yana tashi ne bayan ɗayansu ya kwanta dama. Uban da ya ba da yarinya ya rasu, ƙaninsa da bai taɓa saya mata takalmi ba ya bayyana ranar da manema suka fara sallama, ya ce shi ne waliyyi, sadaki hannunsa zai shiga. Ko mariƙin ya rasu, matarsa ta ce ba da ita aka yi ba. Ko aure ya mutu, miji da mata kowa ya ce ɗan nan ai ɗayan ne ya kawo shi. Takardar tana magana ne da waɗanda ba sa wurin ranar da aka yi alkawari.

Sai kuma ofisoshi, waɗanda ba su san zumunci ba. Fasfon yaro yana buƙatar takardar haihuwa da amincewar iyaye, wanda ba ubansa ba sai ya nuna abin da ya ba shi iko. Lambar shaidar ɗan ƙasa ta yaron da bai kai 16 ba ana haɗa ta da ta uba ko uwa ko mai kula da shi. Inshorar lafiya ta ma'aikatan tarayya an gina ta a kan ma'aikaci da matarsa da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da 18, ɗan riƙo sai an biya masa daban. Likita zai yi tiyata yana neman sa hannun wanda ke da hurumi. A kowane ɗayan waɗannan wurare mariƙi yana da zaɓi biyu, ko ya koma gida hannu rabbana, ko ya ce shi ne uban.

Yawanci na biyun ake zaɓa. A je ofishin Hukumar Ƙidaya a rubuta sunan mariƙi a gurbin uba, shi ke nan. Rashin takardar riƙo shi ke jefa mutane cikin ainihin abin da ayar ta hana, kuma a rubuce, da hatimin gwamnati. Bayan shekara ashirin magada su kawo shaidu cewa ba ɗansa ba ne, yaron ya ji asalinsa a karon farko a gaban alƙali da 'yan kallo.

Abin da mariƙi zai yi tun yau

Wannan bai jiran majalisa. Na farko wasiyya. Ɗan riƙo ba ya gado ta hanyar riƙo, amma ana yi masa wasiyya har zuwa sulusin dukiya, kuma magada ba su da ikon hanawa. Lissafin yana zuwa ne bayan an fitar da kuɗin jana'iza an biya bashi. Wanda ya bar naira miliyan tara bayan bashi, wasiyyarsa tana iya kaiwa miliyan uku. Abin da ya haura haka sai magada sun yarda. A rubuta, shaidu biyu adalai su sa hannu, a ajiye kwafi a wurin da ba ɗakin mai wasiyyar ba.

Akwai tarko a nan da mutane ke faɗawa. Ba a yi wa magaji wasiyya. In ɗan riƙon ɗan ɗan'uwanka ne na wajen uba, kai kuma 'ya'ya mata kaɗai ka bari, ba uba ba kaka namiji ba ɗan'uwa ko 'yar'uwa a raye, to shi ne zai kwashi ragowar gado, wasiyyar da ka yi masa ta rataya a kan yardar sauran magada. Ana duba matsayinsa ne ranar mutuwa, ba ranar rubutu ba. Saboda haka a kai wa malamin da ya san gado jerin dangi kafin a rubuta komai.

Jika ma haka. Yaron da ubansa ya riga kakansa rasuwa, baffanninsa suna kange shi daga gadon kakan, ko da a ɗakin kakan ya tashi. Masar ta mayar da wasiyya ga irin wannan jika wajibi tun 1946. Mu ba mu da wannan, don haka kakan da bai rubuta ba ya bar jikansa a hannun tausayin baffanni.

Na biyu kyauta. Mai rai da lafiya yana iya ba ɗan riƙonsa abin da ya ga dama, ba iyakar sulusi. Amma a Malikiyya kyauta ba ta cika sai an karɓe ta a hannu. Risala ta faɗa ƙarara cewa in mai kyautar ya mutu kafin a karɓa, abin ya koma gado. A nan ne kyautar gida ta fi rushewa. Mutum ya tara jama'a ya ce gidan nan na ba wance, ya ci gaba da zama a ciki da kayansa har ya rasu. Magada su kai ƙara, alƙali ya tambayi ranar da ya fita ya bar mata, a rasa amsa. In gida ne, ya zama wanda mai kyautar ba ya ciki, a miƙa mabuɗi, in akwai 'yan haya su koma biyan kuɗi da sunan yaron, a sauya takardun fili. Mai takardar mallaka ta gwamnati yana buƙatar amincewar gwamna kafin ya sauya suna, bisa dokar filaye ta 1978, kuma wannan yana cin lokaci. Kyautar da aka yi a ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya take ɗauka, ta koma cikin sulusi.

Sunan da ake rubutawa a gurbin makusanci a takardar banki ko ta fansho ba wasiyya ba ne. Yana nuna wanda za a tuntuɓa ne kawai. Mutane da yawa sun mutu suna zaton sun gama wa ɗan riƙonsu tanadi da wannan layi guda.

Na uku shayarwa. Jaririn da matar gida ta shayar cikin shekara biyun farko ya zama ɗanta na nono, mijinta ubansa na nono, 'ya'yansu 'yan uwansa. A Malikiyya ko sau ɗaya nonon ya isa cikinsa ya wadatar. Wannan yana warware matsalar hijabi da kaɗaita idan yaro ya balaga, amma ba ya kawo gado. A rubuta wadda ta shayar da ranar, domin bayan shekara ashirin maganar aure za ta taso, tsofaffin da suka sani sun tafi.

Na huɗu, in marayan ya zo da dukiya, a ƙirga ta gaban shaidu ranar da aka karɓa, a buɗe mata asusu daban. Gonar maraya da shanunsa da suka narke cikin na baffa "don a juya masa" su ne rabin shari'un da ke raba zumunci.

Tsintacce, da kasuwar da ke bayansa

A nan ne takarda ta zama wajibi ba ja. Wanda ya tsinci jariri a kwalbati ko ƙofar masallaci, hanyar ita ce mai unguwa, 'yan sanda, asibiti, sannan ofishin jin daɗin jama'a na ma'aikatar mata, wadda ke kula da gidajen yara irin na Nassarawa a Kano. Rahoton 'yan sanda da katin asibitin nan su ne tarihin yaron gaba ɗaya. Wanda ya ɗauke shi ya wuce gida don tausayi, ba tare da su ba, ya bar kansa ba shi da abin da zai bambanta shi da ɓarawon yara ranar da aka tambaye shi.

Kuma za a tambaya. Ba a manta da yaran Kano tara da 'yan sanda suka gano a Onitsha a 2019 ba, an sace su an sayar, an sauya musu suna da addini. Irin wannan kasuwa tana rayuwa ne a kan abu biyu: ma'auratan da gori ya ishe su saboda rashin haihuwa, da rashin wata rajista da za a duba a ga daga ina yaro ya fito. Matar da dangin miji suka sa wa ido shekara goma, in hanyar gwamnati ta zama wata da watanni na "dawo gobe", akwai mai raɗa mata wata hanyar, wadda za ta tafi wani gari ta dawo da jariri a ce ta haihu.

Abin ya kai ga Birtaniya ta dakatar da ɗauko yara daga Nijeriya a 2021 saboda rashin amincewa da takardunmu. Nijeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1993 da ke tsara wannan tsakanin ƙasashe. Bahaushen da ke aiki a waje, yana son ya tafi da marayan ɗan'uwansa, shi ke biyan kuɗin wannan zubewar mutunci a ofishin biza.

Tsintacce yana da wata matsalar da sauran 'yan riƙo ba su da ita: suna da asali. Fom ɗin makaranta yana da gurbin uba. Takardar shaidar ƙaramar hukuma, wadda ba a samun gurbin karatu ko aikin gwamnati sai da ita, tana bin garin uba, sai mai unguwa da dagaci sun tabbatar. Maroko ta warware nata ta hanyar ba jami'in rajista ikon zaɓa wa yaron sunan uba daga sunayen da ke farawa da Abdul, da sunan iyali, don kada takardarsa ta tona shi. Mu ma a al'ada ana yin kusan haka, a ce ɗan Abdullahi. Abin da ya rage doka ta faɗe shi, ta kuma ce ƙaramar hukumar da aka tsince shi ita ce tasa. Sashe na 42 na tsarin mulki ya riga ya hana a tauye wa ɗan ƙasa haƙƙi saboda yanayin haihuwarsa. Masu cewa tsintacciyar mage ba ta mage su tuna cewa laifin da ake zargi, in ma akwai shi, ba jaririn ne ya yi ba.

"Kotun ma wani ciwon kai ne"

Haka ne. In odar riƙo za ta buƙaci lauya da ɗage zama sau shida, ba mai zuwa, kuma ba zan ga laifinsu ba. Yadda aka tsara ta shi ne zai nuna ko za ta rayu.

Riƙon dangi bai kamata ya wuce zama ɗaya ba. Fom shafi guda da Hausa, har da ajami in ana so. Mai bayarwa, mai karɓa, matar mai karɓa domin ita za ta yi wahalar, mai unguwa, shaidu biyu. Alƙali ya ji ta bakin yaron in ya yi wayo. A rubuta sunan ubansa da uwarsa na asali, dukiyarsa in akwai, wanda zai ci da shi, wanda ke da waliccin aure, da sharaɗin da iyaye za su iya karɓar abinsu. Kuɗin a ƙayyade shi a manna a ƙofar kotu.

Na tsintacce da na bare shi ne zai ɗauki lokaci, kuma ya cancanta: cigiya a rediyo na wa'adin da doka ta yanka, binciken gida da sana'a, gwajin lafiya, zaman gwaji na wata uku kamar yadda dokar tarayya ta tanada, sannan ziyarar jami'i bayan an ba da yaro. Ziyarar nan ita ce aka fi yin sakaci da ita, domin jami'in da ba a ba shi kuɗin mai ba ba zai je ƙauye duba yaro ba. Majalisar da ta zartar da doka ba ta sa wannan a kasafi ba, rabin aiki ta yi.

Ziyarar tana da wani amfanin. Ba duk abin da ake kira riƙo ne riƙo ba. Yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye da sunan za a sa ta makaranta, ta ƙare tana wanke-wanke da talla 'ya'yan gida suna aji, ana aika wa wata dillaliya kuɗi duk wata, 'yar aiki ce aka saya wa suna mai daɗi. Odar da ta rubuta makaranta a matsayin sharaɗi, kuma alƙali zai iya soke ta, tana ba uwar yarinyar abin da za ta riƙe ta shiga kotu.

Abu biyu kuma masu rubuta gyaran doka suke yawan mantawa. Ɗaya, odar wata jiha ta yi aiki a wata. Ma'aikacin da aka yi wa canji daga Katsina zuwa Legas bai kamata ya sake shari'a daga farko ba, kuma ofisoshin tarayya, na fasfo da na ƙidaya da na inshorar lafiya, sai an zauna da su sun sa odar riƙo cikin jerin takardun da suke karɓa, in ba haka ba takarda ce kawai a cikin akwati.

Ɗayan kuma gidajen da suka riga suka yi kuskure. Akwai mutanen da shekaru da suka wuce suka rubuta kansu iyaye a takardar haihuwar yaron da suka riƙe, ba da mugun nufi ba, don kawai a karɓe shi a makaranta. In sabuwar doka ta zo da hukunci tun ranar farko, za su ƙara ɓoyewa ne. A ba su wa'adi, ko shekara biyu, su zo gaban alƙali a keɓe, a bincika yadda yaron ya zo hannunsu, wanda aka samu da gaskiya a gyara masa takardar haihuwa a ba shi odar riƙo ba tara ba ɗauri. Wanda binciken ya nuna sayen yaron ya yi, fayil ɗinsa ya wuce hannun NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane.